Maginin da Ya Buɗe Hannun Kutare

A shekarar 1947, a wani sansanin masu cutar kuturta da ke Chingleput, kudu da birnin Madras na ƙasar Indiya, wani matashin likitan tiyata ɗan Ingila ya tsaya yana kallon wani mutum zaune a ƙasa yana fama da maɗaurin takalminsa. Yatsun mutumin sun lanƙwashe kamar ƙafar shaho, da ya kai hannu zai kama igiyar sai ta suɓuce. Likitan, mai suna Paul Brand, ya durƙusa ya karɓi hannun, ya miƙe yatsun da nasa, ya sa tafinsa a ciki, ya ce wa mutumin ya matsa. A zatonsa ɗan motsi zai ji irin na shanyayyen hannu. Sai ya ji an damƙe shi damƙar da ta kusa sa shi ihu, farce ya nutse cikin namansa, mai hannun kuwa bai ma san ya yi ɓarna ba.

Robert Cochrane ne ya kai shi wurin, shugaban kwalejin likitoci ta mishan da ke Vellore, wanda duniya ta sani a fannin kuturta. Shi likitan fata ne, kuma ya daɗe yana jin haushin abu guda: a lokacin ana ƙiyasta masu cutar sun haura miliyan 10 a duniya, da yawansu hannu da ƙafa sun nakasa, amma likitocin ƙashi ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin aikinsu ba. Ranar nan ya sauke wannan haushi a kan Brand. Shi kuwa Brand ya koma Vellore da zafin matsar nan a hannunsa da tambaya a ransa: hannun da ake cewa ya mutu, ina ya samo wannan ƙarfi?

Bahaushe ba baƙon wannan hannu ba ne. Ya san dungu, ya san unguwar kutare a bayan gari, ya san Sarkin Kutare da ke sasanta rigimar mutanensa, har karin magana ya yi da cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan langa. Game da sanadin cutar, wani ya ce gado ce, wani ya ce rantsuwar ƙarya, wani ya ce haɗa kifi da nono. Amma a kan yatsu bakin kowa ɗaya ne: cuta ce ke cin nama, yatsa ya ruɓe ya faɗi. Likitocin Turai na wancan zamani ba su fi mutumin kasuwa nisa ba a wannan batu. Tun 1873 Gerhard Hansen ya gano ƙwayar cutar a birnin Bergen na Norwe, amma bayan shekara 70 da doriya littattafan likitanci na nan a kan cewa naman mai kuturta mugun nama ne, in an yanka ba ya warkewa. Wa zai sa wuƙa a naman da ba ya haɗuwa?

An haifi Brand a 1914 a kan duwatsun Kolli, a kudancin Indiya, inda iyayensa ke aikin mishan. Yana ɗan shekara 9 aka tura shi makaranta Ingila, bai sake ganin mahaifinsa ba, domin zazzaɓi ya kashe shi a 1929. Da ya gama makaranta bai nufi likitanci ba, gini ya koya: kafinta, ɗora bulo, haɗa famfo. Daga baya ya shiga asibitin koyarwa na University College a Landan, ya yi aikin ɗinke waɗanda bama-baman Jamus suka raunata a Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya koma Indiya a 1946. Shekarun da ya yi a gini ba su tafi a banza ba. Mutumin da ya san inda nauyin rufi ke sauka, ya san yadda igiya ke bi ta kan ƙugiya ta ɗaga buhu, da wannan idon ya dubi hannu.

Ita kanta tiyatar hannu sabuwar sana'a ce a lokacin. Kafin yaƙin, in soja ya ji rauni a hannu, mai ƙashi ya yi nasa, mai jijiya ya yi nasa, mai fata ya rufe, a ƙarshe a sami hannun da ya warke amma ba ya riƙe cokali. Wani likita ɗan San Francisco, Sterling Bunnell, shi ya nace cewa mutum ɗaya ya kamata ya iya duka ukun. Ya fitar da babban littafinsa kan tiyatar hannu a 1944, rundunar sojan Amurka ta sa shi ya kafa cibiyoyi 9 na gyaran hannu, a 1946 kuma aka kafa ƙungiyar likitocin hannu ta Amurka. Duk wannan ilimi a kan harsashi da injin masana'anta aka gina shi. Ba wanda ya tuna da kuturu.

A nan sai an ɗan tsaya a kan harshe, domin kalmar jijiya ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta. Hanyar jini jijiya ce, farin zaren da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa jijiya ce, igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya ce. Mahauta sun raba gardamar, suna kiran ta ƙarshen nan agara. Duk yaron da ya taɓa wasa da ƙafar kaza bayan yanka ya san aikinta: a ja farin zaren da ya leƙo, yatsun su rufe, a saki su buɗe. Hannun mutum haka yake. Cikin yatsa babu tsokar da ke motsa shi. Manyan tsokoki suna can sangalin hannu, suna jan yatsu da dogayen agara da suka ratsa wuyan hannu, su ne ke ba da ƙarfin damƙa. A cikin tafin kuma, tsakanin ƙasusuwa, akwai ƙananan tsokoki kusan 20, su ne ke lanƙwasa yatsa daga gindinsa su miƙe sauran gaɓoɓinsa, su juyo da babban yatsa ya fuskanci 'yan'uwansa. Da su ake riƙe alƙalami, da su ake yanko lomar tuwo.

Yawancin waɗannan ƙananan, jijiya ɗaya ce ke ba su umarni, wadda ke bi ta bayan gwiwar hannu. Ita ce in mutum ya bugu a wurin yake jin abu kamar lantarki ya zarce har ƙaramin yatsa. In ta mutu, ƙananan tsokoki su shanye, manyan na nan da ƙarfinsu babu mai yi musu linzami. Gindin yatsa ya ja baya, kan yatsa ya naɗe ciki. Mai irin wannan hannu in ya kai wa kofi, kan yatsun ne ke fara rufewa, sai su ture kofin maimakon su zagaye shi. In kuma ya samu ya riƙe ƙotar fartanya, nauyin da ya kamata ya bazu a tafi gaba ɗaya sai ya taru a bakin farce.

Brand da 'yan tawagarsa suka riƙa zuwa Chingleput suna gwada marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, da gashin tsuntsu da tsinin allura don auna ji, sannan tsoka bayan tsoka don auna ƙarfi. Abin da ya fito ya ba su mamaki: shanyewar ba ta barkatai ba ce. Wasu tsokoki kusan kullum su ake rasawa, wasu kuwa ko cutar ta kai shekara nawa ba ta taɓa su. Dalilin bai bayyana ba sai wani dare da aka aiko cewa wani tsoho ya rasu a sansanin, an yarda a duba gawarsa muddin an gama kafin gari ya waye. A cikin bukka, da hasken fitila, Brand ya bi jijiyoyin hannu da ƙafa da fuska daga tushe har ƙarshe. Da haske ya shigo ya tsaya ya dube su a shimfiɗe, sai ya ga kowace lafiya lau take a inda ta nutse cikin nama, amma ta kumbura ta lalace a inda ta matso kusa da fata: bayan gwiwar hannu, wuyan hannu, gefen gwiwar ƙafa, kan kunci. Daga baya aka fahimci cewa ƙwayar kuturta sanyi take so, shi ya sa take taruwa a hanci da fatar kunne da jijiyoyin da ke sama-sama. Ga likitan tiyata wannan albishir ne, domin ya san tsokar da zai iya dogara da ita har ƙarshen ran mai ita.

Samun gado a asibitin Vellore ya fi tiyatar wuya, saboda ba a kwantar da masu kuturta, ana tsoron sauran marasa lafiya su watse. Da ƙyar aka ba shi wuri. A 1948 ya yi aikin farko a hannun wani saurayi, ya ari dabarar da Harold Stiles ya yi wa sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya, wadda Bunnell ya gyara. Kowane yatsa agara biyu ke lanƙwasa shi, ana iya ɗaukar ɗaya ba a rasa komai ba. Sai a cire ta daga mazauninta, a tsaga, a bi da ita ta hanyar da matattun tsokokin nan suke bi, a ɗinke a bayan yatsa. Aka rufe da filasta, aka jira. Mugun naman da ake faɗa ya haɗe tsaf kamar na kowa.

Sai dai ƙwaƙwalwa ba ta san an yi canji ba. In an ɗauki agarar yatsan zobe an kai ta babban yatsa, mutum ya ce wa yatsan zobe lanƙwashe, babban yatsa ne zai amsa. Makonni ake yi ana koyo, ana ɗaukar tsakuwa ana ajiyewa, har sabuwar hanya ta zauna. Kafin tiyata ma akwai wahalar tausa da mai da ɗaurin filasta yatsa-yatsa, don gaɓar da ta ƙandare ta saki. Masu gashin ƙashi sun ci rabin ladan wannan aiki, ko da yake sunan likita ake ji.

Bayan an sallami saurayin nan da 'yan watanni, ya dawo a rame, ya miƙa wa Brand hannuwansa, ya yi ƙorafin cewa ba su da kyau wajen bara. Da can in ya miƙa lanƙwasassun yatsu ana jefa masa kwabo. Yanzu masu wucewa na ganin hannu lafiyayye su wuce, masu ɗaukar aiki kuma na ganin tabon cutar a fuska su kore shi. An gyara masa hannu an kashe masa kasuwa. Duk wanda ya san yadda bara take a ƙofar masallacin Juma'a zai gane cewa mutumin ba butulci ya yi ba, lissafi ya yi. Wannan ƙorafi ne ya sa a farkon shekarun 1950 aka gina wani ɗan ƙauye na bukkoki a harabar kwalejin, aka kira shi Nava Jeeva Nilayam, wato gidan sabuwar rayuwa, inda waɗanda aka yi wa aiki ke zama su koyi kafinta da sassaƙa kayan wasan yara da noman lambu.

A ƙauyen nan ne aka warware babbar tambayar, ta yatsun da ke gajarcewa. Wata rana Brand ya yi ta fama da wani kwaɗo da ya yi tsatsa a ƙofar ɗakin ajiya, makulli ya ƙi juyawa. Wani yaro ƙanƙane daga cikin marasa lafiya ya karɓa, ya murɗa sau ɗaya, kwaɗo ya buɗe. Brand na mamakin ƙarfin yaron sai ya ga ɗigon jini a ƙasa. Makullin ya yanke yatsan har kusa da ƙashi, yaron na ta murmushi. Ba ƙarfi ya fi likita ba. Shi likita zafi ne ya tsayar da shi tun kafin fata ta tsage, shi kuwa yaron babu mai tsayar da shi.

Daga nan aka kafa doka: kowace yamma a duba hannun kowa, kowane bororo da kowace ƙujewa sai an gano mafarinsu. Aka zama 'yan sandan ciki. Wannan ƙusa ce ta leƙo a ƙotar shebur, wancan gilashin fitila ne ya ƙona shi yana karatu da dare, wani kuma tsinke ya shige shi ya kwana uku bai sani ba. Rauni ya yi ruwa, mai shi ya ci gaba da aiki da shi tunda ba ya jin komai, ƙwayoyin cuta na yau da kullum su kai ga ƙashi, ƙashi ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan, yatsa ya ja da baya. Shaida tana nan a kan dungu da yawa: ɗan guntun farce zaune a inda gaɓar farko take. Da yatsa faɗuwa ya yi, da farcen ya tafi da shi. Waɗanda suka fi ɗaure kai su ne masu wayar gari da guntun yatsa ya ɓace, babu shi a tabarma, babu shi a ƙasa. Da aka sa masu gadi suka kwana ido biyu, sai ga ɓera ya hau yana gaigaya, mai hannu na sharar barci. Tun daga ranar, wanda aka sallama daga ƙauyen da kyanwa yake tafiya gida.

Likitocin kuturta da dama ba su karɓi maganar da wuri ba, kuma suna da uzuri, don wanda ya shekara 30 yana ganin yatsu na ƙarewa ba zai yarda cikin sauƙi cewa ƙusa da ɓera ne ba. Amma alƙaluman ƙauyen sun yi magana: waɗanda ake duba hannunsu kullum sun daina asarar yatsu.

Dabarar Stiles da Bunnell ma ta nuna aibinta bayan 'yan shekaru. A hannuwa masu laushin gaɓa ja ya yi yawa, yatsa ya lanƙwashe ta ɗaya gefen. Brand ya koma kan lissafinsa na magini, ya fito da tasa hanyar, wadda ya wallafa a 1958 ya kuma gyara a 1961: a ɗauki ɗaya daga cikin tsokokin da ke ɗaga wuyan hannu, waɗanda cutar ba ta cika taɓawa ba, a ƙara mata tsawo da siririyar agara da aka ciro daga ƙafa, a raba ƙarshen gida huɗu, kowane yatsa da wutsiyarsa. Har yau tana cikin littattafan likitocin ƙashi, kuma ana yi wa wanda adda ko haɗarin babur ya tsinke wa wannan jijiya, ba mai kuturta kaɗai ba. A 1955 aka buɗe asibitin bincike na Karigiri kusa da Vellore, likitoci suka riƙa zuwa koyo daga ƙasashe. Cikin ɗaliban akwai Mary Verghese, wadda haɗarin mota ya shanye wa ƙafafu a 1954 tana sabuwar likita. Tiyatar hannu a zaune ake yin ta, don haka ta koya ta riƙa yi daga kan kekenta. Matar Brand, Margaret, ta ɗauki idanu, domin jijiyar da ke rufe fatar ido ita ma tana mutuwa, ido ya bushe ya makance. Maganin da aka samu shi ma aro ne: a janyo wani sashe na tsokar tauna a ɗaura wa fatar ido, mutum ya cije haƙori ido ya rufe.

Ta fannin magani kuwa, Nijeriya na cikin tarihin dumu-dumu. An fara allurar Promin a asibitin masu kuturta na Carville ta Amurka a 1941, amma a Uzuakoli, a Jihar Abiya ta yau, John Lowe ya nuna a ƙarshen shekarun 1940 cewa ana iya haɗiyar dapsone kaɗan-kaɗan ba tare da ta yi illa ba, ga ta da arha. A can ne kuma aka gwada clofazimine a farkon shekarun 1960. A Arewa, tun ƙarshen shekarun 1930 hukumomin En'e da mishan ta SIM suka yi yarjejeniyar tafiyar da sansanonin lardi, irin su Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, ga kuma na Garkida da ya riga su. A Nijar akwai na Danja kusa da Maraɗi. Da ƙwayar magani ta samu, sai aka buɗe ƙananan wuraren shan magani a ƙauyuka, zama a sansani ya daina zama dole. A 1965 aka kafa cibiyar ALERT a Addis Ababa don horar da ma'aikatan Afirka kan cutar da gyaran nakasarta, a Saye kusa da Zariya kuma akwai cibiyar ƙasa ta horo kan tarin fuka da kuturta.

Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, tun 1995 kuma kyauta ake ba da su, wata 6 ko 12 a rabu da ƙwayar. Duk da haka ana samun sababbin masu cutar wajen 200,000 a shekara, fiye da rabi a Indiya, Nijeriya ma na ba da nata dubbai. Shi magani ƙwayar cutar yake kashewa, jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ya tayar da ita. Wanda ya ɓoye farin tabon da ba ya jin taɓi har shekara biyu don gudun bakin mutane, zai warke da takardar sallama a hannun da ba ya jin wuta.

A tsakiyar shekarun 1960 Brand ya koma Carville, ya yi shekara kusan 20 a can. Abin da ya koya a ƙafar masu kuturta ya zama tushen yadda ake kula da gyambon ƙafar masu ciwon suga, su ma jin zafi suke rasawa. Amma babban burinsa bai cika ba. Shi da injiniyoyi sun ƙera safar hannu mai na'urori da za su yi gargaɗi in matsi ya yi yawa. Suka sa ƙararrawa, aka yi biris da ita. Suka sa fitila mai ƙiftawa, haka. Suka koma ga ɗan jan lantarki a hammata, inda har yanzu ake jin zafi. Wata rana Brand ya hango ɗaya daga cikin masu gwajin, mutum mai hankali da kiyaye doka, yana kwance wani noti da ya cije a jikin inji. Ya danna sifana, lantarki ya ja shi, ya zabura. Ya waiga hagu da dama, ya sa hannu cikin riga ya cire waya, ya danna da ƙarfinsa duka har noti ya saki, sannan ya mayar da wayar. Ba a daɗe ba aka rufe aikin.

Brand ya rasu a Seattle a watan Yulin 2003. Abin da ma'aikatan kuturta ke koya wa wanda aka sallama a yau, a Karigiri ko a Danja, dokar ƙauyen Nava Jeeva Nilayam ce ta duban yamma: a jiƙa hannu da ƙafa a kwanon ruwa, a goge kanta da dutsen kaushi, a shafa mai tun fata na da danshi, a juya tafi a duba tsakanin yatsu da ido tunda fata ta daina ba da labari. Manomi ya naɗe ƙotar fartanya da tsumma. Mai girki ta riƙe muciya mai tsawo, ta sauke tukunya da ƙyalle mai kauri, kofin shayi kuma a bar shi ya huce ko a zuba a na roba mai mariƙi.